Kankare Ba Ya Gudu, Zamewa Yake Yi

Sai da muka wuce Dosso bakina ya fara mutuwa. Tun daga Galmi nake zaune a kan buhunan albasa a bayan kamyo, babbar motar kaya, ina ba abokan tafiyata labarin irin gidajen da na gina, su kuwa sun gaji da cewa "to" sun koma gyangyaɗi. Rana ta buɗe, albasa ta ɗauki zafi ta fara turara mu, idona yana ta zubar da ruwa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya dube ni ya ce, "Magini, tun yanzu kewar gida ta?" Na ce masa albasa ce. Rabin gaskiya na faɗa masa.

Sunana Lawali, magini ne ni, ɗan magini. A Malbaza na tashi, inda motocin siminti ke wucewa ta ƙofar gidanmu tun kafin a sa ni lakwal, wato makarantar boko, don haka na girma da tunanin cewa duk abin da ya shafi siminti mu ne malamansa, sauran duniya koyo take yi a wajenmu. Ba yunwa ce ta fitar da ni gida ba. Wani ɗan kasuwa ne a Konni ya ba ni ginin bene, na ɗaga masa bango tsaf, amma da aka zo zuba rufin sama sai ya kirawo wasu baƙi masu injin tura kankare. Suka haɗa bututun ƙarfe daga ƙasa har sama, kafin azahar sun gama abin da ni da leburorina za mu yi kwanaki muna hawa tsani da kwano a ka. Na matsa kusa in ga yadda abin yake, mai injin ya kore ni da bayan hannu. Shi kuma mai ginin ya dafa kafaɗata a gaban mutanena ya ce, "Lawali, ku dai ku riƙe katanga, sama ta masu inji ta." Maganar nan ta tsaya mini a ƙirji ta ƙi wucewa. Na rantse sai na koyi injin nan ko a ina yake. Aka ce mini a Abijan ake dogayen gine-gine, shi ne na ɗaure jakar kayan aikina na hau motar albasa.

A Gaya motar ta tsaya a bakin kogi, aka ce an rufe gadar iyaka, daga nan sai kwalekwale. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, na zauna a tsakiya na rungume jakata, duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta cin abinci. Da muka taka ƙasa a ɗaya gefen na juya na dubi Nijar. Ga ta nan kusa, in na yi kira za a amsa, amma jikina ya ba ni cewa na riga na fita.

A tashar Kwatano aka damfare ni. Ina tsaye ina raba ido, ba na gane ko kalma ɗaya cikin hayaniyar da ake yi, sai na ji Hausa a bayana, kuma Hausar gida, ba ta rediyo ba. Wani mutum ne fes da shi, da hula da carbi a hannu.

"Bawan Allah, kai ɗan wane gari na?"

Na ce Malbaza.

"Ashe ɗan gida na! Ni ɗan Konni na, gidanmu na nan bayan tasha. Mi ya kawo ka wagga ƙasa?"

Wallahi da ya ce in ba shi rigata a lokacin, da na tuɓe na ba shi. Ya saya mini shayi da burodi, ya tambaye ni ko damina ta yi kyau a wajenmu, ya san ƙauyukanmu har su Dogarawa da Tsarnawa. Da ya ji ni magini ne sai ya tafa hannu. Ya ce akwai wani babban shantiye, wato wurin gini, a bakin teku, magina suke nema ido rufe, har injin tura kankare suna da shi. Ya haɗa ni da wasu magina 'yan Tawa da ya tsinto kamar yadda ya tsince ni, ya kai mu ƙofar wani buro, ofis mai gilashi.

"Ku kawo kayan aikinku in shiga da su a rubuta, don kar gobe a ce na sata na. Ku dakata nan, yanzu ni ka hitowa."

Muka miƙa masa. Muka zauna a gindin bango har inuwa ta juya ta bar mu a rana. Da na gaji na tura ƙofa na shiga, sai na tarar wurin sayar da tikitin jirgi ne, kuma yana da wata ƙofa ta baya da ke fita kasuwa. Cokalin ginin da ke cikin jakata na mahaifina ne, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya saboda aiki, hannuna kaɗai ya san yadda ake riƙe shi. Na zauna a bakin titi na yi kuka, ban ɓoye ba. 'Yan Tawa suna ba ni haƙuri, su ma idonsu ya yi ja.

Tun da ba kayan aiki ba wanda zai yarda ni magini ne, da na isa Lome dako na shiga a kasuwa. Ni da ake tashi a ba ni kujera in na shiga wurin gini, na koma ana nuna mini buhu da yatsa. Abin da ya fi damuna ma ba nauyin kaya ba ne, abinci ne. Komai da barkono, komai da kifi, ba fura ko ta magani. In na rufe ido a inuwa sai in ga Fulanin kasuwarmu sun jera ƙoren nono, suna dama fura da ludayi suna faɗa da masu neman ƙari.

A gefen kasuwar akwai wata mata mai sayar da dokunu, tuwon masara mai tsami da ake ƙunshewa a ganye, ana kiranta Maman Afi. Ba mu da yare ɗaya da ita. Kullum a kusa da rumfarta nake zama in jiƙa garin rogo in sha, kullum kuma ina kallon murhunta yana rawa in ta ɗora tukunya, don duwatsun ba su zauna daidai ba. Abin ya riƙa sosa mini rai, magini ba ya iya kallon karkataccen abu ya yi shiru. Wata rana da ta sauke tukunya na tsinto fasassun bulo, na kwaɓa laka da hannuna na gyara mata shi. Ta tsaya tana kallona da hannu a ƙugu, ta ɗora tukunya ta jijjiga, ba ta motsa ba. Daga ranar, da na sauke kayan ƙarshe sai in tarar ta ajiye mini ƙunshi ɗaya da kifi a kai. Ta je ta tambayo kalma ɗaya ta Hausa a wajen mahauta, da ita take ba ni umarni: "Ci!" Ni kuwa ba na musu.

A Lome na kira matata Hadiza na gaya mata abin da ya faru da jakata. Ta ce, "Baban Nana, in abin bai yi ba ka komo gida. Wa ka yi maka dariya? Katangar ma ai ita ka ba mu tuwo."

Na ce, "Ba ni komowa hannu rabbana, Hadiza."

"To, Allah shi kai ka lahiya. Gero ya hwara hidda kai. Nana na ta tambaya wai ko teku ta kai tabkin garinmu girma."

Na ce ta gaya wa 'yar tamu sun yi kusan kai ɗaya. Da na kashe wayar na daɗe ban iya ɗaga kaina ba saboda kewarsu.

Ranar da na nuna wa Maman Afi da hannu cewa zan wuce gaba, ta kirawo ƙanenta direba ta yi masa magana mai tsawo tana nuna ni, shi ya kai ni har iyakar Ghana bai karɓi komai ba. Ghana kuwa ratsa ta kawai na yi. Abin da na riƙe daga can shi ne wani ɗan sanda a shinge da ya yi ta tambayata da Ingilishi ina ba shi amsa da Faransancin lakwal, har muka gaji muka fashe da dariya, ya miƙo mini takarduna ya ce in tafi.

Abijan ta tarbe ni da ruwan sama da gadoji da gine-ginen da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensu. An ba ni sunan Baba Illiyasu, wani dattijo mutumin Illela da ke sayar da albasa a kasuwa, wanda gemunsa a can ya yi fari. Duk ɗan yankinmu da ya sauka, a ɗakin bayan shagonsa yake fara kwana. Na fara ba shi labari ya ɗaga hannu ya ce, "Ci tuwo tukun." Tuwon gero ne da miyar kuka, irin na gida, na ci har na ji kunya. Da na kai kan labarin ɗan Konni sai ya yi dariya har da tari.

"Mai carbin nan? Wanda ya zo bara, ce mishi ya yi shi ɗan Madawa na. Kar ka damu ɗana, dut wanda ka gani nan ya biya kuɗin hanya da wani abu."

Baba Illiyasu ya san wani mai gadi a wani shantiye, ta hannunsa aka ɗauke ni lebura, kuma Allah ya sa aka tura ni wajen masu injin tura kankare. Ranar da na fara ganinsa kusa, da bahonsa na ƙarfe da ake juye kankare a ciki da bututun da ya bi jikin gini ya yi sama, sai da na shafa shi da hannu. Mai riƙe da injin wani ɗan ƙasar ne, sunansa Konan, gajere kakkaura mai furfura a gefen kai, da ɗan akwatin sarrafa injin rataye a wuyansa. Na gyara tsayuwa na gaya masa da Faransancina cewa ni daga Malbaza nake, garin da ake yin siminti, kuma na zo ne in koyi inji. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "To, Malbaza, ɗauki bututu." Sunan da ya bi ni ke nan, har mai sayar da kofi a bakin ƙofa da shi take kirana.

Na ɗauki bututu har kafaɗata ta yi kanta. In haɗa, in ɗaure, in kwance, in wanke. Konan ba ya koyarwa, ba ya hira, in ka yi tambaya ya nuna maka aiki. Ni kuma ina sa ido. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kullum kafin a tura kankaren farko sai ya fasa buhun siminti ya kwaɓa shi da ruwa zalla, ba yashi ba tsakuwa, ya yi kauri kamar kunu, ya tura shi cikin bututu. In ya fito a sama a tare shi a ganga a zubar. Siminti lafiyayye! Mu a gida ko buhun da ya ƙare sai mun juya shi mun kakkaɓe. Na tambaye shi dalili ya ce in ɗauki bututu. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa mutanen nan inji kawai suke da shi, darajar siminti ba su san ta ba. Da na faɗa wa Baba Illiyasu haka ya ce, "Lawali, ka ƙara ido ka rage baki."

Ban rage ba. Ranar da abin ya faru ana zuba rufin wani hawa can sama, babban zubi, kowa a tsaye yake. Cunkoso ya riƙe motocin kankare a kan gada, rana kuma ta fito da ƙarfinta bayan ruwan safe. Da wata mota ta iso ta fara juyewa, na ga kankaren yana saukowa da tauri, gaɓa-gaɓa. Shef, wato shugaban shantiyen, ya kira Konan sama, ya hau da akwatinsa a wuya yana sarrafa injin daga can, ya bar ni a bakin baho in kula kada ya ƙare.

To, a wajenmu ko kakata ta san maganin kwaɓin da ya yi tauri. Ruwa ake ƙara masa. Haka mahaifina ya yi, haka na yi duk rayuwata, kuma ba ginin da ya taɓa faɗo mini. Na jawo tiyo na buɗe shi sosai na shiga ba kankare ruwa. Direban motar ya leƙo yana ɗaga hannu yana ihu da yarensu, na ɗaga masa nawa hannun, a zatona yaba mini yake yi. Kankare ya yi sheƙi ya saki jiki. Na tsaya da hannu ɗaya a ƙugu ina jiran Konan ya sauko ya ga aikin ɗan Malbaza.

Sai na ji muryar injin ta sauya. Bugun da yake yi a jere ya koma nishi, bututu ya yi wata girgiza har maɗauransa suka yi ƙara, sannan komai ya tsaya cik. Ihu ya ɓarke a sama. Konan ya sauko a guje, ya leƙa baho ya ga ruwa yana yawo a sama tsakuwa ta kwanta a ƙasa, ya dubi tiyon da ke hannuna, har lokacin yana zuba.

"Malbaza, me ka yi?"

"Na sassauta masa ne," na ce. Ko a lokacin ban gane ba.

Shef ya iso yana huci. Rabin rufi an zuba, rabi ƙarfe ne a fili, motoci sun yi layi a waje, kankaren da ke cikin bututu kuma ba jiran kowa zai yi ba, in ya daskare a ciki an yi asarar layin gaba ɗaya. Ya nuna hular kwanon da ke kaina ya ce in cire in ajiye in fita. Duk hanyar nan da na biyo, ga injin a gabana ina iya taɓa shi, kuma da hannuna na rufe wa kaina ƙofa. Na kai hannu zan cire hular sai Konan ya ce, "Ba yanzu ba, ina bukatar hannu. Wanda ya toshe shi zai buɗe."

Ya fara sa injin ya ja da baya don ƙarfin da ya taru a ciki ya sauka. Ya ce in ba a yi haka ba, ka kwance maɗauri, tsakuwa za ta fito ta fasa maka fuska. Maganar da ta fi kowace tsawo ke nan da ya taɓa yi mini. Sannan ya miƙo mini guduma ya ce in bi bututu ina ƙwanƙwasawa, yana biye da ni yana saurare. Muna tafe sautin iri ɗaya, har muka zo gwiwar da bututu ya tsuke ya juya sama. Nan guduma ta faɗa a kan abu mataccen sauti, kamar na bugi kututture. Ya ce, "Nan ne, kwance."

Muka kwance gwiwar, muka kwance guntun da ke gaba da ita, wanda kankaren da ya wuce kafin in taɓa tiyo ke ciki. Ina shirin fara tono ya riƙe hannuna. Duk da ihun da shef ke yi, ya durƙusa ya kama yatsana ya tura shi cikin guntun mai kyau, ya zagaya da shi jikin ƙarfen. Na ji santsi, wani ɗan siririn kunun siminti ya lulluɓe bangon bututun ta ko'ina, a tsakiya kuma yashi da tsakuwa sun dunƙule wuri ɗaya.

"Ka ji?" ya ce. "Kankare ba ya gudu a cikin bututu kamar ruwa. A dunƙule yake tafiya gaba ɗaya, yana zamewa a kan wannan ɗan santsin. Shi ne duk aikin. Kunun da kake harara ina zubarwa, shi ke fara shafe ƙarfe, in ba haka ba busasshen bututu zai kwashe santsin kankaren farko ya bar shi a hanya."

Sai ya tura yatsana cikin gwiwar da ta toshe. Ba santsi ko kaɗan. Tsakuwa ce wankakkiya da yashi, sun cije juna tamau.

"Ruwanka bai shiga kwaɓin ba. Da inji ya matsa, ruwan ya tsere gaba ya tafi da siminti, ya bar duwatsu tsirara. Da suka zo inda hanya ta tsuke suka tsaya. A ƙasa da shebur ruwa yana taimakonka. A cikin bututu kashe ka zai yi."

Ina durƙushe a wurin sai na tuna Hadiza a bakin tukunya. Kafin ta kwashe tuwo sai ta tsoma mara a ruwa, malmala ta sulluɓo gaba ɗayanta, bayanta kawai ya jiƙe. Ban taɓa ganin ta zuba ruwa cikin tukunyar don tuwo ya fita ba. Abin da nake gani kullum a gidana ke nan, sai da na tsallake ƙasashe aka tura mini yatsa cikin ƙarfe kafin in gane shi. Na fara ba Konan labarin mara da tuwo, ya ce bai san tuwo ba, in yi tono.

Muka tona da rodi da hannu. Na kwashe ɓataccen kankaren da ke baho da shebur, siminti ya ci yatsuna har suka tsage, ban ko ji ba sai daga baya. Muka wanke gwiwar muka mayar muka ɗaure. Konan ya sa direba ya zuba wani magani daga jarka cikin tulun motar ya juya shi sosai, kankare ya yi laushi ba tare da ɗigon ruwa ba. Sannan ya shuro mini buhun siminti da ƙafa ya ce, "Kwaɓa kunun." Na kwaɓa, ya tsoma yatsa ya ce in ƙara kauri, na ƙara. Aka tura, injin ya kama bugunsa. Kafin rana ta faɗi an rufe rufin.

Shef bai manta da ni ba. Ina wanke bututu ya zo ya tsaya a kaina ya ce yanzu sai in ajiye hular. Konan yana goge hannunsa da tsumma, bai ko ɗaga kai ba ya ce, "In ka kore shi za ka kawo mini sabo, shi ma ranar da ya ga kankare ya yi tauri tiyo zai ɗauka. Wannan ya riga ya sa hannunsa a ciki. Bar mini shi." Shef ya dube ni, ya dube shi, ya ce in an sake to a wuyan Konan, ya tafi yana mita. Na rasa da wane yare zan yi godiya. Na ce na gode da Hausa, na maimaita da Faransanci, ya ce saura bututu uku ban wanke ba.

Da yamma Baba Illiyasu ya zaunar da ni a ƙofar shago yana shafa mini man kaɗanya a yatsu, ina ba shi labari yana girgiza kai. Ya ce, "Ashe Malbaza ma akwai abin da ba ta sani ba." Na ce, "Baba, yau kam ba ni da ta cewa." Ya ce wannan ita ce magana mafi daɗi da ya ji daga bakina tun da na sauka.

Daga ranar Konan ya fara buɗe baki, kaɗan-kaɗan. Ya koya mini in damƙi kankare a tafin hannu in matse, in ya bar mini maiƙon siminti a fata zai zame, in ya bar ruwa da yashi in mayar da motar. Ya koya mini jin injin da kunne, da yadda ake tafiya a hankali in layi ya yi tsawo ko ya yi gwiwoyi da yawa. Kwaɓa kunun safe ya zama aikina. Har yanzu in na ga ana zubar da shi a sama raina yana ɗan sosuwa, ba zan yi ƙarya ba, amma na daina harara. Damina ta wuce, ginin ya ƙara hawa, ni kuma na daina gaya wa mutane garin da na fito sai an tambaye ni.

Wata safiya na kwaɓa kunu na zuba a baho, na ja baya kamar kullum in ba Konan wuri. Sai ya cire akwatin daga wuyansa ya rataya mini. Ya tafi bakin ƙofa wajen mai kofi ya zauna a benci ya ba ni baya. Ga mota ta riga ta juyo baya tana jira. Na yi bismilla na tura kunu, na bi shi da kankare a hankali. Na ɗora tafin hannuna a jikin bututu ina jin dunƙulen yana wucewa, bugu bayan bugu, ya shiga gwiwar nan da na sani ya fita ya yi sama. Can sai na ji ihu daga ƙololuwar gini, ana ɗago mini hannu, ya iso.

Na juya da sauri in ga ko ya gani. Yana nan yadda yake, yana hura kofinsa yana hira da mai kofi. Har aka gama zubin bai waiwayo ba. Murna ta cika ni, haushi kuma ya ɗan taɓa ni. Da na wanke layi na je na tsaya a gabansa na ce, "Ko kallo ba ka yi ba."

Ya ce, "Na ji da kunnena."

Na cire akwatin zan miƙa masa, ya ture hannuna.

"Kai shi ma'aji da kanka. Gobe ka zo da wuri, ni zan makara."